Bishiyar Cibiyar Ummi a Khumra

Aziziyya

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da kakata Sitti Hauwa, garin na ɗan ƙanshin teku. Yanar ido ce ta rufe mata gani, likita ya tura ta wani asibiti a Khumra, can gefen Jidda, don a yi mata aiki, ta ce atafau. A da ginin gidan aikatau ne, inda matan da guzuri ya ƙare musu bayan Hajji ke wanke bargunan mahajjata a bakin abinci da makwanci. Can ta haifi Ummi, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta.

"Gidan da na bari da kuka, ba zan koma in kwanta ba," in ji ta. Da kyar ta yarda mu je mu dawo kawai.

Kurayyat

Direbanmu Ammi Bala, haifaffen Jidda, ya hango shingen 'yan sanda. "Hajiya, kin ɗauko iƙama? Za su nemi takardar zama."

"Iƙamata ta girme ka. Yalla, ja mu tafi."

Muka wuce lafiya. Na sayo burodin tamis da dafaffen waken ful a bakin hanya, ta riƙe nata har ya huce.

Khumra

Bayan rumbunan kaya muka iske ginin, fari tas. Wata ma'aikaciya ta ce ɗakin wankin shi ne ɗakin haihuwa yanzu. Sitti ta shafa bango, ta shinshina.

"Sun wanke mu duka, 'yar nan. Ko warin sabulunmu babu."

Har mun juya sai ta tsaya. "Ta gabas, akwai bishiya?"

Akwai. Darbejiya ce babba, masu jinya na shan shayi a inuwarta. Na kai hannunta jikin itacen, ta daɗe tana lalube.

"Nan na binne cibiyar uwarki. Ba ni da ƙasa a garin nan, sai na dasa wannan a kai don kada wurin ya ɓace mini." Ta ɗaga kai sama. "Yaya ganyenta?"

"Kore shar, Sitti."

"Ke komai kyau yake miki. Sai na gani da idona. Je ki ce musu halas, na yarda a yi aikin, amma gadon da ke kusa da taga."

Gida

La'asar ta same mu a Aziziyya, an riga an sa mana ranar aikin idon. Godiya ga Allah, da Ammi Bala, da wanda ya gyara ginin bai sare bishiyar ba. Da nake ninke mayafin Sitti, na ji ganye ɗaya ƙulle a gefensa.