Sau Goma Sha Ɗaya Urpo Ya Kau da Kai

Urpo Hakola mahauci ne, shekara talatin da huɗu yana aiki a mayankar shanu da ke bayan garin Kurikka, nan yammacin Finland. Gajere ne mai faɗi, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, kuma in ya miƙo maka hannu kuka gaisa sai ka duba yatsunka bayan ya sake ka. Ni Marketta, mai dafa abinci a makarantar firamare, na yi shekara goma sha tara ina gasar harbi da ƙaramar bindiga tare da shi. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma har gobe akwai abin da ban yafe masa ba.

Yana saurayi, ba a tashi daga taron rawa bai fasa wa wani baki ba. Ubansa da dukan bel ya rene shi, shi kuwa ya fito yana raba wa duniya abin da aka ba shi a gida. Wata rana a bakin rumfar gasasshen nama wani direban tirela ya ture shi a layi, Urpo ya kai shi ƙasa ya hau ruwan cikinsa, yana duka haƙora na zuba a kan kwalta. Jama'a suka yi cirko-cirko. Wani siririn direban bas, Tarmo Ojala, shi kaɗai ya shiga ya riƙe masa gwiwar hannu.

"Kai, ya isa haka," in ji Tarmo. "In ƙaiƙayi hannunka ke yi, zo ranar Asabar in nuna maka inda ake sosa shi."

Direban tirelar bai kai ƙara ba, don shi ya fara. Ranar Asabar kuwa Urpo ya zo filinmu, tsohon ramin da aka gama haƙar tsakuwa a cikinsa, tudun yashi ya kewaye shi ta gefe uku. Wasan namu gudu ne tsakanin bangayen katako, kana harbin kwali da faranten ƙarfe, agogo na ƙirga maka lokaci. Dokokin da ke riƙe da ranmu biyu ne. Bakin bindiga ba ya juyowa baya inda mutane suke, yatsa kuma ba ya zama a kan kunamar bindiga in kana gudu ko kana canja gidan harsasai. Ka karya ɗaya, alƙalin fili da ke bin bayanka riƙe da agogo zai daka maka tsawa, "Tsaya!", gasarka ta ƙare ke nan a ranar. Ba ka tafiya gida kuma. Za ka ɗauki takardar liƙi ka wuni kana toshe ramukan da wasu suka huda, da yamma ka raba wa kowa kofi ana yi maka tsiya.

Wannan dokar ce ta kama Urpo. A rayuwarsa bai taɓa ganin hukuncin da ke hawa kan kowa daidai ba, kuma a gama a zauna tare a sha kofi. Ya bar faɗa, ya rage giya, bayan shekara shida ya zama alƙalin fili. Ba mu taɓa samun mai tsanani irinsa ba. Ni kaina ya kore ni sau biyu, mijina Aulis sau ɗaya, ranar bikin haihuwarsa ma. Akwai wani baƙo mai bindiga mai tsada da ya juyo da ita a hannu zai yi gardamar maki. Kafin ya rufe baki Urpo ya cafke masa wuyan hannu ya maka shi da bangon katako, mutum da bango suka tafi ƙasa tare. Da ya ƙwace bindigar ya zare harsasan, sai ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya miƙa masa takardar liƙi.

Aboki kuwa ɗaya gare shi a duniya, Tarmo. Urpo bai yi aure ba, gidan Tarmo yake cin abincin Kirsimeti, matar Tarmo, Helvi, ita ke ɗinke masa maɓalli. A fili ba ka jin komai tsakaninsu sai zagi.

"Kai mahauci, kwali kake harbi ko kana neman tsuntsu ne a sama?"

"Rufe mana baki, direba. Tafiyarka ma a makare take kamar bas ɗinka."

Tarmo ne gwaninmu, babu musu. Yana da shekara sittin da ɗaya hannunsa na dama ya fara rawa. Duk mun gani. Kofi na zuba masa a riga, sai ya koma riƙe kofin da hagu, in muna zaune a sauna, ɗakin wankan tururi, bayan gasa sai ya danne hannun a ƙarƙashin cinya. Mu mutanen nan, sai namiji ya faɗi a gabanmu kafin mu tambaye shi lafiya. Kowa ya yi gum, muna kiran shirun namu kara. Wanda aikinsa ne ya yi magana shi ne Urpo, ya kuma san ranar da ya ce wa Tarmo ya ajiye bindiga, ƙila ranar ce zai rasa mutum ɗaya tilo da ya taɓa riƙe masa hannu.

Sai ya ɓullo da dabara. Duk lokacin da Tarmo zai shiga fili, Urpo ne ke karɓar agogo, ko da ba layinsa ba ne. Yana binsa kamar zai taka masa dunduniya, hannunsa a buɗe kusa da gwiwar hannun Tarmo. Wai in wani abu ya taso zai riga harsashi. Wata Asabar da idona na ga yatsan Tarmo ya lanƙwashe cikin kunama yana canja gidan harsasai, na jira tsawar, ban ji komai ba. Na tare Urpo a bayan rumfar kaya.

"Urpo, makancewa ka yi ne yau?"

"Ban ga komai ba."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Ni ka kore ni a kan abin da bai kai wannan ba."

Ya yi ƙasa da murya. "Marketta, ki bar ni da shi. A gama gasar kaka, zan yi masa magana."

Na bar shi da shi. Wannan kason laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Gasar kaka ta faɗo ranar da aka wuni ana yayyafi, tsakuwa duk ta yi santsi. A fili na huɗu cikin filayen gasar, sai ka harbi na gaba sannan ka ja da baya taku biyar, bindiga na kallon tudun yashi, ka harbi na gefe. Ni ce mai rubuta maki, ina tsaye a baya inda doka ta ce in tsaya. Agogo ya yi ƙara, Tarmo ya zare bindiga, faranti uku suka faɗi tas tas tas, har wani ya yi fito. Ya fara ja da baya. A taku na uku ƙafarsa ta zame, hannun ya fizge kansa ya juyo, na ga ramin bakin bindigar sosai.

Ban ji zafi da farko ba. Ji na yi kamar an maka mini guduma a cinya, sai ga ni kwance ruwan sama na zuba mini a baki. Da na duba, wandona ya yi baƙi, jini na tsartuwa sama da gwiwa, yana tsayawa yana sake tsartuwa. A nan na fara ihu.

Bindigar tana hannun Tarmo har lokacin, da sauran harsasai a ciki, hannun ya ƙanƙame yana karkarwa. Harbi na biyu ya tashi, ya daki ƙasa, tsakuwa ta fantsama ta tsaga wa Urpo kunci. Mutane suka zube ƙasa. Urpo ya faɗa kan Tarmo, ya kama wuyan hannun da hannu biyu ya murɗa shi zuwa tudun yashi, suka durƙushe tare cikin taɓo.

"Cire yatsanka! Tarmo, cire yatsan!"

"Ya ƙi fita! Urpo, ya ƙi!"

Urpo ya sa babban yatsansa ya kama yatsan Tarmo da ke kan kunama ya banƙare shi baya. Daga inda nake kwance na ji ƙarar karyewar ƙashin, na ji kukan da Tarmo ya yi, irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Urpo ya zare gidan harsasai, ya ja bindigar harsashin ciki ya faɗo, ya ajiye ta bakinta na kallon yashi, sannan ya rugo kaina. Ya yage wandon, ya zura igiyar tsayar da jini da ke jakarsa, ya murɗa ta har na zage shi da uwarsa da ubansa. Bai ko kalle ni ba. Mutumin da ya shekara talatin yana kallon jini na zuba ya san inda yake fitowa, ya danna gwiwarsa a wurin da dukan nauyinsa, tsartuwar ta tsaya.

A lokacin ne mijina Aulis ya iso daga fili na biyu. Ya gan ni, ya ga Tarmo durƙushe riƙe da hannu, bai tambayi kowa komai ba. Ya shure shi a ƙirji, ya bi shi da naushi a kunne, a baki, Tarmo ko karewa ba ya yi. Urpo ya jawo wani ya ɗora masa hannu a kan cinyata, ya ce ya danne, ya tashi. Ya ɗauki Aulis ta ƙugu ya jefar gefe, ya tsaya a tsakaninsu.

"Ba shi ba ne. Ni za ka daka, Aulis. Na gani tun bara na yi shiru."

Ya mai da hannayensa baya ya harɗe su. Aulis kuwa ya dake shi. Na farko ya fasa hanci, na biyu ya tsinke leɓe, na uku da na huɗu ban san inda suka sauka ba. Urpo, wanda da mari ɗaya zai iya kwantar da mijina asibiti, yana tsaye jini na bin haɓarsa yana ɗiga a rigar alƙalanci, har Aulis ya gaji ya fashe da kuka. Motar asibiti ta same mu a haka.

Likitoci sun ce da an ƙara minti uku da ba ni. Kwana na biyar Urpo ya zo, fuska a kumbure, ya tsaya a bakin gado hula a hannu.

"Sau nawa ka gani ka kau da kai?" na tambaye shi.

"Goma sha ɗaya. Da wanda kika gani."

"Har ƙirgawa kake yi?"

"Ina ƙirgawa."

Kofin ruwan da ke kusa da ni na jefe shi da shi, ya same shi a goshi. Ya sunkuya ya ɗauka ya mayar mini kan tebur. Abin da ya faɗa mini shi ya faɗa wa 'yan sanda, bai rage ko ɗaya ba, ya kuma ajiye alƙalanci da kansa kafin a ce masa. Tarmo ya miƙa bindigoginsa duka, likita ya ba ciwon rawar hannun nasa suna, yatsan kuma ya warke a karkace. Ni ina ɗingishi, amma na koma fili da bazara. Yanzu a ƙungiyarmu in muka ga abu muna faɗa, ko wa zai ji haushi.

Tarmo ya daina yi wa Urpo magana. Duk da haka kowace Asabar, lokacin da mu muke fili, Urpo na zuwa gidansa ya yi faskaren itace, ya kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofa, Helvi ta miƙo masa kofi ta taga. Haka aka yi wata bakwai. Helvi ce ta ba ni labarin ranar da Tarmo ya fito, ya tsaya a bakin rumfar itace, hannun na rawa a aljihu. Urpo ya ajiye gatari.

"Na karya maka yatsa," in ji shi. "Ka yafe mini."

"Yatsa? Wa ke ta yatsa, mahauci?" in ji Tarmo. "Kullum na shiga filin nan ina jira ka ce in tsaya. Ni ba zan iya ce wa kaina ba, shi ya sa nake barin ka riƙe agogon. Da tun na farko ka daka mini tsawa, fushin mako biyu zan yi, ka ji? Mako biyu kawai."