Tantin Maza da Tantin Mata

Shekara huɗu muka yi a gidanmu na La Guillotière, ni da maigidana, kuma idan na ƙirga ranakun da muka ci abinci mu biyu kaɗai, ban jin za su cika wata guda. Duk wanda ya sauka Lyon daga Damagaram, ɗalibi ne ko mai neman magani, lambar mijina ce a aljihunsa. Katifar falo ba ta taɓa hucewa ba. Ni ba ƙin baƙi nake ba, a gidan baƙi aka haife ni. Amma na gaji, kuma na faɗa masa baki da baki: kwana uku nake so, ni da shi, inda babu mai buga mana ƙofa. Ya ce ya ɗauki alkawari.

Wata abokiyar aikina a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, can Villeurbanne, ita ta ba ni shawarar duwatsun Vercors. Ta ce mu nemi kampin, irin filin nan da ake kama wuri a kafa tanti a kwana. Na yi dariya, na ce mu da muka tashi muna kwana a tsakar gida duk bazara, yau za a koya mana kwanan waje? Amma maganar ta shige ni. Wata biyu na yi ina zaɓe. Na ƙi wani wuri saboda mashaya da kiɗa a bakin ƙofarsa. Na ƙi wani don famfonsa ya yi nisa, mutum zai sha tafiya kafin ya yi alwala. Wanda na tsaya a kansa ƙarami ne, a gindin dutse, da ɗan rafi a gefe, kuma filin da na kama shi ne na ƙarshe, can bayan itatuwa. Sau uku ina buga wa matar da ke kula da wurin waya don in tabbatar. Na ari tanti, na sayi ɗan risho na gas da tukunyar mutum biyu. Har hanyar da za mu bi mu hau dutsen na zana a takarda.

Saura mako guda, maigidana ya ce zai je Paris ya yi wa Kawu sallama. Kawun nan ƙanen mahaifiyarsa ne, yana da shagon yadi a Belleville, kuma shi ya riƙe shi lokacin da ya zo karatu. Na ce tafiyar awa biyu a mota ce sai an yi mata sallama? Ya ce ba a barin gari babba bai sani ba. Ya dawo yana ta kame-kame, sai da na tsare shi a kicin sannan ya faɗa.

"Na ce masa da ma su zo mu je tare. Kin san yadda ake faɗa. Magana ce kawai."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce in sha Allahu."

"Kira shi yanzu, ka ce wurin na mutum biyu ne."

"Haba, Kawu ne fa! Ba za su zo ba. Kawu da hawan dutse?"

Kowa ya san irin wannan tayin. Mai cin abinci ya ce maka bismilla, kai kuma ka ce alhamdu lillahi ka wuce. To, Kawu dai hannu ya wanke. Ranar tafiya da hantsi, muna loda kaya, sai ga motar shagonsa ta tsaya a bayanmu. Shi ne da Hajiyarsa, da ƙanwarta da ta zo daga Maraɗi, da wani amininsa ɗan Cadi wanda ban taɓa gani ba. Sun zo da tabarmi, da buta uku, da tukunyar biki, da rabin rago a akwatin ƙanƙara. Tanti kuwa babu ko ɗaya. Na durƙusa na gaishe su, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya.

Da muka isa, matar wurin ta dube mu mu shida, ta dubi takardarta, ta ce filina na mutum biyu ne. Maigidana, injiniya guda, ya tura ni gaba wai ni ce na saba da ita. Ni na roƙa. Ta mayar da mu wani fili a tsakiyar jama'a, dab da wurin wanke kwanuka, ta ba mu hayar tanti na biyu. Ina ji ina gani wasu Turawa, miji da mata, suka wuce da kayansu zuwa bayan itatuwan nan.

Ana gama kafa tantuna Kawu ya miƙe ya raba makwanci. "Maza nan, mata can." Na kalli mijina, shi kuma ya duƙufa yana ƙara buga turakun da suka riga suka shiga ƙasa.

Kwana uku na yi tsakanin Hajiya da ƙanwarta. A gaban kawunsa mijina ba ya iya zama kusa da ni, ba ya kiran sunana, ko kofin shayi sai dai ya ajiye a tabarma in ɗauka. An hana hura wuta a wurin, saboda haka rabin ragon nan a ɗan rishona na dafa shi, kashi-kashi, tun safe har la'asar. Rana ta biyu maza suka karɓi takardata suka hau dutsen. Hajiya gwiwa ta hana ta, kuma ba a tafiya a bar babba, don haka daga bakin famfo na riƙa hango shi. Ban ga laifin Hajiya ba. Baiwar Allah ta yi shekaru ba ta fita Paris ba, tana ta salati tana kallon duwatsu. Haushina duka a kan mutum ɗaya yake.

Ranar ƙarshe na same shi shi kaɗai a bakin rafi yana cika buta.

"Ka yi mini alkawari," na ce.

"Ki yi haƙuri. Me kike so in ce masa?"

"Ka ce, 'Ba bana ba, Kawu.' Shi ke nan. Zai mutu ne?"

"Ba zan iya ba."

Bai ɗago kai ba. Na san kuma ba ƙarya yake ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da za mu rabu, Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce yaron nan ya iya tsara tafiya, baɗi ma a nan za a yi. Mijina ya ce Allah ya kai mu.

Bana na sake kama wuri, a wasu duwatsun daban. Ya tambaye ni ina ne, na ce zai gani idan mun isa. Ya tambayi ranar, na ce ya ɗauki hutunsa, zan tashe shi da safe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Har ni?" Na ce har kai. Tun da muka yi aure ban taɓa ɓoye masa komai ba. Yanzu takardar wurin tana cikin aljihun teburina a labo, kuma na kulle shi.