Warin Taba a Sabuwar Kwamfuta

Ni 'yar mai gwanjo ce. A rumfar uwata da ke kasuwar Samaru na girma, kuma tun kafin in iya karatu na iya shinshina riga in faɗi ko an taɓa sa ta. Har yau duk abin da aka ce mini sabo ne, hancina nake fara tambaya.

Maigidana direba ne, shekarunsa duk a kan hanyar Jos suka ƙare. Da hawan jini ya kayar da shi, likitoci a asibitin Shika suka ce shi da tuƙi har abada. Ya dawo gida ya zauna a falo. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru, ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Tsoro ya kama ni sosai, don ina ganin yana ƙarewa a kujerar nan.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci, ya nuna mini hoto a waya. Kwamfutar wasa ce, wai ana jona ta da talabijin, da sitiyari da birki, mutum ya tuƙa tirela yana zaune a falonsa. Da na ji kuɗin sai da na dafe ƙirji. Na ce duk wanda ya sa wa abin wasa wannan farashi ɓarawo ne mai shago. Na kawo maganar wuta, na kawo maganar gyara. Ya dai kife wayar.

Washegari ni na tare mana keke zuwa shagon da ake sayar da ita a Sabon Gari, da niyyar in kama mai shagon dumu-dumu. Mutumin ya cika fara'a, abin da ya ƙara mini zargi ke nan. Kwalin ma an liƙe shi da salatif biyu, wani kan wani. Ya rantse kwamfutar sabuwa ce, yanzu ta sauka, ya tada janareta, ya kunna.

Maigida ya kama sitiyari. Na ga kafaɗunsa sun miƙe, hannunsa na lalubar giyar mota. Ya shiga yi wa wata motar cikin talabijin faɗa don ta sha gabansa ba sigina. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin asibiti.

Ni kuwa na zagaya bayan kwamfutar, na sunkuya inda fanka ke huro iska. Warin taba ne, tsoho, wanda ya daɗe da kama jiki. Wani ya sha sigari a gaban wannan abu shekara da shekaru. Na ɗago, muka haɗa ido da mai shago, fara'ar ta gudu.

Maigida ya san aikin hancina, kuma na san ko kyauta ce ba zai ɗauki abin da aka cuce shi a kai ba. Ya juyo.

"Maman yara, me kika ji?"

"Sabuwa ce," na ce.

Na dai matse mai shagon a gefe har ya rage abin da ya rage, yana share gumi, muka saya. Ko hakan na san an ci mu, kuma har gobe abin na yi mini ciwo.

Idan kwamfutar ta yi zafi warin na fitowa. Shi ya sa kullum da la'asar, kafin ya kunna, nake riga shi shiga falo da kaskon turaren wuta.