Musayar Gonar da Yayana Bai Yi Ba

Yayana kurma ne. Sanƙarau ya kama shi tun yana tatata, ya tashi da ransa amma kunnen ya tafi, bakin ma ya bi shi. A ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure, babu mai kiransa da sunan yanka sai Bebe, kuma har yau in na ji wannan kiran ji nake kamar an watsa min barkono a ido. Ni ce ƙanwar da ke bi masa. Maganar hannun da yake yi mu uku muka ƙera ta a tsakar gida, shi da ni da Inna. In ya ja kunnensa na dama Baba yake nufi, don Baba gwani ne wajen jan kunne. In ya kife tafin hannu ya karkaɗa yatsu, to ruwa ya zo kanal. Da Inna ta rasu sai maganar ta zama daga shi sai ni, ni kuma daga baya aka kai ni aure Madobi.

Baba ya bar masa gona a bakin kanal, daidai inda ake buɗe ƙofar ruwa. Wanda bai taɓa noman rani ba ba zai san darajar wannan ba. In aka sako ruwa, na gaba ne ke fara sha su ƙoshi, na ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage, wani lokacin taɓo kawai ke isa gare su. Da damina Yaya ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatir, da gonar nan yake ci da gidansa. Matarsa mai kirki ce, amma a lokacin ba ta daɗe da tarewa ba, abin da ta iya a maganarsa bai wuce na ci da sha ba.

A gefen gonarsa akwai wani dattijo abokin Baba da muke ce wa Kawu, ba don jini ya haɗa mu ba. Yana da ɗan tsiri a nan gaba, babbar gonarsa kuma tana can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa da ƙyar. Mutum ne mai fara'a, kullum haƙoran goro a waje. Da yake sun yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ya ɗan tsinci alamar ruwa da ta taki da ta gobe. Daga nan fa gari ya ɗauka Kawu ya iya maganar Yaya. In likitan dabbobi ya zo, a kira Kawu. In za a raba iri, a kira Kawu. Shi kuma ya gyara hula ya yi ta wulwula hannu kamar mai korar ƙuda, kowa yana sa masa albarka.

Wata shekara, ana gab da fara aikin rani, Kawu ya je wajen dagaci ya ce Bebe ya gaji da rigimar bakin ƙofa, yana so su yi musaya, ya koma gonar ƙarshen layi da ta fi girma. Dagaci ya ce a kira shi a ji daga gare shi. An faɗa min akwai wanda ya ce a aika Madobi a ɗauko ƙanwarsa, ita ke jin maganarsa. Dattawa suka ce maganar gona ce, me ya kawo mace zauren dagaci, ga Kawu nan. Kun ji fa! Madobin da mai babur zai je ya dawo shayi bai huce ba. Amma aka ce wanda ke son gonar shi zai tambayi mai gonar ko ya yarda.

Abin da Kawu ya yi masa a gaban mutane shi ne alamar taki. Ya nuna dagaci, ya yi alamar buhu a kafaɗa, ya nuna Yaya, wato za a ba shi taki, yana so? Wa zai ce ba ya so? Yaya ya gyaɗa kai da ƙarfi yana dariya, har ya durƙusa ya jinjina wa dagaci hannu don godiya. Shaidu suka ce sun gani, aka shafa fatiha. Wannan jinjinar ita ta fi ci min rai, wallahi. An ƙwace masa gadon ubansa yana godiya.

Bai san komai ba sai ranar da ya je da garma ya tarar da 'yan ƙwadagon Kawu suna yi wa gonarsa fangali za a dasa albasa. Ya yi kukan kura ya shiga cikinsu, aka taru aka danne shi, ana cewa dama bebe akwai zuciya, jiya ya yarda yau ya tayar. Da azahar sai ga shi a ƙofar gidana a kan keke, riga a yage, taɓo har wuya. Kafin ruwan da na ɗebo masa ya kai bakinsa na gane komai. Ya yi ta tambayata ina takin da aka ce za a ba shi, kuma me ya sa kowa ya ce shi ne mai laifi.

Ban tsaya neman mayafin kirki ba. Na hau adaidaita sahu na dira ƙofar gidan Kawu, na zazzage masa abin da ke cikina har maƙwabta suka leƙo. Ya fito da murmushin nan nasa ya ce, “'Yata, ki yi haƙuri, ai a gaban mutane ya yarda.” Na ce kada ya ƙara ce min 'yarsa, ubana yana kabari kuma bai taɓa cin amanar kowa ba. Daga nan na wuce gidan dagaci, aka tare ni a waje aka ce in turo mijina. Mijina ya je, bawan Allah, amma ba ya jin maganar Yaya, kuma ba ya wurin ranar da aka yi. Aka ce masa magana ta riga ta wuce da shaidu.

Dole Yaya ya dasa tumatirinsa a ƙarshen layi, don ciki ba ya jiran shari'a. Na je na gani da idona. Ya tsuguna a bakin ƙaramar magudana yana jiran ruwa, in ya zo bai kai ya jiƙa ƙafar kaza ba. Fure ya fito ya kakkaɓe, ganye ya nannaɗe. A hanyar dawowa sai mun bi ta gonar Baba, albasar Kawu ta yi kore shar, ruwa kwance a kowane fangali. Ni ban roƙi Allah ya ba ni haƙuri ba, ban ɓoye wa kowa ba. Roƙonsa na yi ya nuna min ranar da murmushin nan zai bar fuskar mutumin nan, kuma ina tsaye.

Sana'ata turara shinkafa, rediyo kullum a gefen murhu. A nan na ji ana hira da wata malama daga wani ofishi a Kano da ke taimakon kurame da makafi. Ta ce suna raka kurma asibiti ko kotu ko gaban masu gari su fassara masa, don kada a yanke masa abin da bai ji ba. Na bar tukunya a kan wuta na je na sami mijina a shago. Washegari muka ɗauki Yaya muka shiga birni.

Malamar ba ta girme ni da yawa ba, iyayenta duka biyu kurame ne. Ta zauna gaban Yaya ta fara masa maganar hannu irin ta makaranta, yatsu na tafiya fir-fir, gwanin kyau. Yaya ya zuba mata ido, ya juyo ya tambaye ni ko sauro ke damunta. Na ce a raina shi ke nan, mun yi zuwan banza. Ita kuwa da na faɗa mata abin da ya ce sai da ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ba sabon abu ba ne, wanda bai shiga makaranta ba maganar gidansu yake yi, kuma ita ma magana ce cikakkiya. Ta sa muka yi ta hira a gabanta tana kallo, tana tambaya. Sannan ta ce za ta zo ƙauyenmu, amma ba ita za ta fassara ba, ni zan yi.

Ranar da ta zo, zauren dagaci ya cika har waje, don an ji baƙuwa ta zo daga Kano. Ita ba a ce mata mace ce ba, har kujera aka kawo mata. Ni aka bar ni a gindin darbejiya. Ta gaida dagaci da ladabi, ta ce ba ta zo koya wa kowa shari'a ba, ta zo ne a ji bakin mai gona. Sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya maganarsa ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya iya, ga ta can a waje.” Dagaci ya shafa gemu ya ce a shigo da ni. Na cire takalmi na shiga, na zauna inda zan riƙa ganin fuskar Kawu sosai.

Kawu ya ce ai 'yar'uwarsa ce, abin da take so za ta faɗa. Malamar ta ce gaskiyarsa, a gwada mu duka biyu. Aka fitar da ni da Kawu, dagaci ya nuna wa Yaya wani abu ya ɓoye, sannan aka dawo da Kawu aka ce ya tambaye shi mene ne. Daga waje ina jin dariyar da mutane ke dannewa. Kawu ya yi alamar ruwa, ya yi ta taki, ya yi ta gobe, kayansa suka ƙare. Ya ce goro ne. Da aka shigo da ni, Yaya ya murza babban yatsa a kan manuniya sannan ya nuna ƙasan tabarma. Na ce carbi ne, kuma dagaci a kansa yake zaune. Dagaci ya ɗaga cinya ya zaro carbin.

Daga nan Yaya ya miƙe ya yi magana, ni kuma na zama bakinsa. Ban ƙara ko gishiri ba, don abin ba ya buƙata. Ya faɗi takin da aka ce za a ba shi, da godiyar da ya yi. Ya faɗi yadda aka danne shi a gonar ubansa, da wanda ya taka masa wuya. Ya nuna tsawon da tumatirinsa ya kai kafin ya bushe. Shaidun nan da suka ce sun gani, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Dagaci, in faɗi gaskiya, bai yi taurin kai ba. Ya ce musaya ta warware, Kawu ya cire albasarsa in ta nuna tunda shi ya dasa, gona ta koma hannun mai ita. Sai ya ce in tambayi Yaya ko akwai abin da yake so a biya shi na wahalar da ya sha.

Ni buhunan albasa nake ta lissafawa a raina. Yaya ya girgiza kai. Ya nuna Kawu, ya ce tunda ya gaya wa gari ya iya maganarsa, to ya faɗa masa da ita, a nan, cewa ƙarya ya yi. Ba ya son ta baki, ta baki ba ta zuwa wajensa. Na faɗi wannan da ƙarfi, kowa ya ji. Dagaci ya ce ai wannan bai yi yawa ba.

To ga alamar ƙarya a gidanmu, Inna ce ta ƙirƙiro ta muna yara don ta kunyata mu: ka nuna ƙirjinka, ka taɓa harshenka da yatsa, ka ɗaga ƙafa ka goge yatsan a tafinta. Kawu bai san ta ba, ina zai sani? Ya tsaya yana zare ido. Malamar ta dube ni ta ce a hankali, “Sai ki koya masa.”

Na tashi na tsaya a gabansa, a zauren da aka ce mace ba ta shiga, na koya masa. Ya yi ta farko a gurguje, hannu a ɓoye cikin babbar riga. Yaya ya ce bai gani ba. Ya sake, ya tsallake harshen. Yaya ya ce ba haka ake yi ba. Sai da dattijon nan ya zaro harshensa ja da goro a gaban surukansa da 'yan ƙwadagonsa, ya taɓa, ya dafa bango ya ɗaga ƙafa ya goge. Na duba fuskarsa da kyau ina neman murmushin nan, babu shi.

An sha zuwa min da maganar in yafe, wai ya tsufa, wai abokin Baba ne. Na ce su je su tambayi mai gona, yanzu ai an san hanyar tambayarsa. Matar Yaya ta iya maganar sosai, kuma malamar ta haɗa shi da wasu kurame da ke taruwa a Kura ranar kasuwa, har ya fara tsintar irin ta makaranta. Ko rabon iri za a yi, yanzu Madobi ake aikowa.

Hanyar zuwa ƙarshen layi ɗaya ce, ta bakin gonar Baba ta bi. Kowace safiya Kawu sai ya wuce ta nan da fartanyarsa. Yaya ya ɗago daga cikin tumatirinsa, ya nuna shi, ya taɓa harshe, ya ɗaga ƙafa ya goge, sannan ya koma aikinsa. Mijina ya ce in yi masa magana ya daina, ni kaɗai zai ji. Na ce to, zan yi. Har yau ban sami lokaci ba.