Yadda Yayana Ya Bar Jidda

A unguwar Mahjar da ke Jidda aka haife mu, ni da yayana, a gidan da kakanmu ya kama haya bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. Shekara shida Yaya ya ba ni. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne namijin gidan, kuma tuƙi ne sana'arsa. Direban wani iyali ne a Abhur, can bakin teku, sai ranar Juma'a yake zuwa gida. Tun daga ƙofa za ka ji yana kiran Umma, hannunsa riƙe da ledar kifi.

Wata Juma'a ya zo babu kifi. Ya karɓi wayata, ya naɗe ta da tawul, ya tura cikin firiji.

"Yaya, lafiya?"

"Suna ji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Su wa?"

Ya dube ni kamar na raina masa hankali. "Ke ma kin san su."

Na yi dariya a ranar, na ɗauka zolaya ce. Bayan wata guda kafilinsa, wato mutumin da yake yi wa aiki kuma takardun zamansa suke hannunsa, ya kira Umma. Ya ce Yaya mutumin kirki ne, shekara tara bai taɓa samunsa da laifi ba, amma yanzu ya liƙe madubin mota duka da takarda, yana tuƙi yana gardama da wanda ba a gani. Ya ce ba zai iya sa 'ya'yansa a motar ba. Halas, aiki ya ƙare. Da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta cika wa'adi, babu wanda ya sabunta ta.

Umma ta ce sammu ne, don ana baƙin cikin aikinsa. Aka kawo mai ruƙiya, aka yi ta ba shi zuma da ruwan zamzam. Sau ɗaya na ambaci asibiti, ta ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne," ta tashi ta bar min ɗakin. Ban sake ba. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba. Ni ma ina tsoron bakin unguwa, ga 'ya'ya mata biyu ina da su, ga kuma tsoron a tambaye mu takardarsa a ƙofar asibitin.

Wata safiya aka tashi babu shi. Kwana goma sha ɗaya ni da maigidana muna nema, kafin wata maƙwabciya ta ce ta hango mai kama da shi a unguwar Madain Fahd, ƙarƙashin gadar sama. Na same shi zaune a kan kwali, tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya koma launin ƙasa. Mutumin da ba ya fita sai ya goge har hankicinsa. Na durƙusa ina kuka, ina roƙonsa ya tashi mu tafi.

"Ba zan koma ba, ƙanwata," ya ce. "Bangon gidan nan yana kai rahotona. Idan ina ciki, Umma ma za su taɓa ta."

Wato a ganinsa kare mu yake yi. Wata bakwai ya yi a wurin. Kullum idan na tashi daga shagon ɗinkin da nake aiki da la'asar, sai na kai masa abinci a kula. Wani lokaci ya ci, wani lokaci ya shinshina ya ture, ya ce an sa wani abu. Zafin Jidda ya ƙona masa fata, ƙafafunsa suka tsattsage. Na koyi yi wa Umma ƙarya. Nakan ce ya gaishe ta, ya ci ya ƙoshi.

Akwai wani kanti kusa da gadar, mai shi yakan ba Yaya gurasa da ruwa. Wata rana da azahar Yaya ya ɗauki dutse ya jefi kyamarar da ke saman ƙofar. Dutsen ya kuskure, ya farfasa gilashin kantin. Mutane suka taru, 'yan sanda suka tafi da shi.

Sai bayan mako uku aka bar ni na gan shi a gidan yari. An aske masa kai, akwai tabo a gefen idonsa. Ya ce 'yan ɗakin ne suka doke shi saboda yana hana su barci da surutu. Ban iya ganin laifinsu ba, ban kuma iya yafe musu ba. Abin da ya fi damuna shi ne wani sashe na zuciyata ya ji sanyi, don aƙalla yanzu akwai rufi a kansa, kuma na san inda yake. Har yau ina jin kunyar wannan sanyin.

Ranar shari'a mai kantin ya tsaya ya ce shi ya yafe, ba ya neman komai. Alƙalin dattijo ne, ba mai gaggawa ba. Ya tambayi Yaya dalilin jifan. Yaya ya miƙe, ya yi bayani da Larabci tsaf, cikin ladabi, cewa na'urar tana ɗaukar sunan mahaifiyarsa tana aikawa. Alƙalin ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaushe ya fara?"

"Kusan shekara biyu ke nan, ya shaikh."

"Kun taɓa kai shi wurin likita?"

"A'a."

"Don me?"

Na sunkuyar da kai. Bai matsa min ba. Ya ba da umarni likitoci su duba shi, kuma da rahotonsu ya dawo aka ɗauke Yaya daga gidan yari zuwa asibiti. Likitar da ta kula da shi ta ce min ciwo ne sananne, yana da magani, kuma da an kawo shi tun farko da ba a kai nan ba. Ta faɗa a hankali, amma sai da na zauna.

Bayan wata biyu ya dawo gida. Maganin ya sa ya yi ƙiba, hannunsa yana rawa, magana ma sai ya ja ta. Amma shi ne. Yana taya Umma shanya, yana tsokanar 'ya'yana don Hausarsu ta fi tasa karyewa. Wata biyar muka yi a haka. Sai dai alƙali laifi ya warware, bai warware takarda ba. Maigidana ya bi mutane da yawa, babu wanda ya yarda ya zama kafilin direban da ba zai iya tuƙi ba. Yaya yana zaune a gida, ba aiki, ba ya iya fita. Ya ce maganin yana mayar da shi kamar buhu. Ashe ya fara ɓoye ƙwayoyin ƙarƙashin harshe, ban gane ba sai da na tsinci tarinsu a bayan taga. Kafin mako ya zagayo ya sake fita.

Wannan karon bai fasa komai ba. Samame aka yi wata safiya, aka kwashe marasa takardu, har da shi. Tun da babu laifi, babu zuwa gaban alƙali. Rahoton likitan kuwa yana jakata, don na ji tsoron kada ya yar. Na yi ta yawo da rahoton daga wannan ofis zuwa wancan, ko za a mayar da Yaya asibiti. Babu wanda ya wulaƙanta ni, kowa cewa yake ba nan ba ne, in gwada gaba. Ranar da na isa wurin da ya dace, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce jirginsu ya tashi shekaranjiya. An kai shi Kano, saboda fasfon Najeriya muke riƙe da shi tun na kakanmu. Yaya bai taɓa taka ƙasar ba.

Wani ɗan'uwan maigidana da ke Kano ne ya yi ta nemansa har ya same shi a wata tasha, bayan kwana arba'in. Allah ya saka masa, ya kai shi asibiti, yanzu kuma a gidansa yake. Ana yi masa allura duk wata. Wani watan yana yarda, wani watan sai an kira maza biyu sun riƙe shi.

Ranar Asabar nake kiransa. Umma tana zama kusa da ni, amma ba ta karɓar wayar, ta ce idan ta ji muryarsa ba za ta iya cin abinci ba. Makon jiya yana cikin hayyacinsa sosai. Ya ce mutanen gidan suna da kirki, sai dai yara suna dariyar maganarsa, suna kiransa Balarabe. Sai ya ce, "Ƙanwata, ki tambayar min, wanda aka kora shekara nawa yake yi kafin a bar shi ya dawo?"

Na riga na tambaya tun tuni, an ce min babu ranar dawowarsa. Na ce masa zan tambaya.