Telan da Ya Ɗinka wa Laftof Riga

Mijin yayata tela ne, amma ba mutane kaɗai yake tufatarwa ba. Shi dai ba ya iya ganin abu tsirara. Na taɓa zama a shagonsa na ƙirga, abubuwa goma sha tara ne sanye da riga, har da butar shayi, rimot da kwaɗon ƙofa. Shi ya sa duk layin ke kiransa Malam Sutura.

Da ya sayi injin surfani, sai ya haɗa da laftof, don a cikinta zanen yake, ita ke gaya wa injin inda allura za ta bi. Ita ma ba ta tsira ba.

Wata safiya ya kira ni, don ni ce mai ɗan sanin kwamfuta a gidanmu. Wata makaranta ta ba shi aikin bajon yunifom, shugabar za ta zo karɓa da yamma, rabi kawai ya gama, ga laftof ta ƙi tashi. In aikin ya kuɓuce, wurin telan da ke tsallaken titi za a kai, wanda shi Sutura ya koya wa zura zare a allura.

Na sami laftof cikin sabuwar rigar karan-miski, an yi mata dajiya har kan layin maɓallan sama, da duwatsun ado sha biyu. In an kunna, sai ta yi ƙara ƙit-ƙit, ta tsaya a baƙin allo.

Na zare caja na mayar. Na cire filas mai ajiye zane da wayar injin. Na danne makunnin har yatsana ya yi fari. Shiru.

"Hajiya Gaggawa, ke ma ilimin naki na baki ne?" in ji shi, da sunan da yake tsokanata da shi.

"Mijin Yaya, yaushe ka sa mata rigar nan?"

"Jiya bayan na tashi aiki. Ba ta yi kyau ba?"

"Ta yi. Tuɓe ta."

"A gaban mutane?"

"Kwamfuta ce fa, ba surukarka ba!"

Ya ce ɗinkin hannu ne, kuma a jikinta ya ɗinke, ba zif, sai dai a farke. Ya fara lissafa min kuɗin yadi. Na nuna masa tsallaken titi, inda abokin hamayyarsa ke zaune yana kaɗa ƙafa. Ya dube shi, ya dubi rigar, sannan ya miƙo min almakashi ya kau da kai.

Ina farke dajiyar sai ga dutsen ado ɗaya ya lotsa wani maɓalli ya danne shi. Da wannan dannewar ce baiwar Allah take kasa farkawa. Na ɗago maɓallin da bakin allura na kunna. Tambari ya fito, ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye, sai ga bajo raɗau a allo.

Injin bai huta ba har shugabar ta iso. Tana sallama, Sutura ya yi wuf ya tare laftof da jikinsa, kada baƙuwa ta ga abin kunya. Ta karɓi kayanta, ta kuma bar masa aikin hulunan wasanni.

Da na koma shagon, laftof na sanye da 'yar shimi marar hannu, maɓallai duk a waje.

Na ce, "Yanzu dai ta sha iska."

Ya ɗauko tef ɗin awo ya nufo ni. "Tsaya, bakin nan naki ne ya rage ban ɗinka wa murfi ba."