Zuwa Duvu a Motar da Ba Ta da Makulli

Mun tashi daga Lokuwa ana idar da sallar asuba, ni da Baffana, a tsohuwar motar marigayi Babanmu. Duvu muka nufa don mu ɗauko Goggo, yayarsu, wadda ƙafarta ta kumbura har ta daina fita gona. An hana hawa babur, masu keke mai ƙafa uku kuma ba sa son hanyar ƙauye, saboda haka ba mu da abin hawa sai ita.

Gara in faɗi halin motar tun yanzu. Makullinta ya ɓace a daji shekarar da muka gudu daga gari. Tun daga nan Baffa ya zaro wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari, in ya haɗa su ta tashi, in ya raba ta mutu. Ni kullum maganata ita ce a kai ta gareji a gyara ta gaba ɗaya, inji da birki da fenti, kafin kowa ya sake shigarta. Shi kuwa cewa yake, "Motar da ta kwashe mu har bakin iyaka ba ta yi tari ba, ita za ka kai asibiti, ɗan boko?" Gyaran da nake so ya fi ƙarfinmu, shi kuma ba ya son ko ɗaya. Sai aka zauna ba a taɓa komai ba.

Mun sha mai na galan a wurin 'yan bumburutu, da tsada, kuma ina zargin akwai gauraye, ko da yake ba zan rantse ba. A shingen sojoji na bakin gari an sauke ni, na taka da ƙafa hannuwa a sama kamar kowa, Baffa ya biyo ni a hankali. Ba a ce ya kashe mota ba. Na lura da haka, amma ban yi tunani a kai ba.

Bayan kwalta ta ƙare hanyar duk zaizaya ce. Duk gangaren da muka zo sai Baffa ya taka birki sau da yawa kafin ya kama, ni kuma ina taka nawa a ƙasan kujera. Gonakin dawa sun yi kyau a wasu wuraren, a wasu kuma ciyawa ce ta cinye, masu su ba su dawo ba. Mun ƙetare mayo, wato rafi, ruwa iya rabin taya.

Goggo ta tarbe mu da kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai. Ta ƙi tashi sai da muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa, aka kuma ɗora mata buhun gyaɗa da kaji biyu. Ina ta duban rana, don in aka rufe hanya da yamma, a bakin shinge ake kwana.

La'asar sakaliya muka iso shingen. An canza masu aiki. Wani matashin soja ya ga buhu, ya ce a kashe mota a buɗe but. Baffa ya raba wayoyinsa da gwiwa ba wanda ya gani. Aka soka hannu cikin gyaɗa, aka duba, aka bar Goggo a kujerar baya saboda ƙafarta. Sai sojan ya ce mu tafi.

Baffa ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya ɗago wayoyi biyu tsirara.

Na ji ƙarar ɗana bindiga kafin in gane dalili. Sojan ya ja baya yana tsawa, mutanen da ke layi suka watse cikin gona. A garin nan kowa ya san abin da mutum mai haɗa waya a bakin shinge yake nufi. Mu kaɗai muka manta, don kullum muna ganin abin a ƙofar gida.

"Baffa, saki wayar nan, ka ɗaga hannu," na ce. Ya saki.

Na yi wa sojan bayani da Hausa, na maimaita da Turanci, hannuwana a sama. Ina jin bai girme ni ba. Daga baya Goggo ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, ba bam ba ne, talauci ne."

Sojan bai yi dariya ba, amma ya sauke bakin bindigar kaɗan. Ya nuna wata bishiyar maina can nesa, ya ce ba za a taɓa wayar nan kusa da su ba, mu tura har can. Haka muka tura, ni a baya, Baffa a ƙofa hannu ɗaya kan sitiyari, Goggo da kajinta a ciki tana yi masa faɗa: ya tsufa bai bar ganganci ba. A gindin bishiyar ya haɗa wayoyin, sai a karo na biyu ta tashi.

Mun shiga Lokuwa ana shirin rufe hanya. Goggo ta ga likita washegari, an ce ƙafar za ta sace da magani.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne lafiyar mota a wannan zamani ba ta tsaya ga birki da taya ba. Har da yadda mai tsoro riƙe da bindiga zai gan ta. Ban ƙara zancen fenti ba, Baffa ma bai ƙara zancen bakin iyaka ba. Da safe shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Taso ka raka ni gareji. Makulli da birki kawai, kada ka ƙara ko ƙusa ɗaya."